Tun da na kawo talabijin gida Inna ta daina tatsuniya, in cire shi ko in bari?

Baban Abba ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa tsoma baki ba. Yau dai abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na kawo kukana.

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Da rani ina taɓa cajin waya a rumfar ƙofar gida. Wutar lantarki ba ta iso mu ba, da janareta nake yi, to da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sai abin ya gagara, kuɗin caji ba ya mayar da kuɗin fetur. Da kaka ta yi na kai riɗina Gujungu ran Lahadi na sayar, na haɗa da kuɗin wani bunsuru na sayi sola da batir. Mai kayan ya ce in na ƙara kaɗan zai haɗa min da ƙaramin talabijin mai aiki da batir, da dish, da risiba irin wadda ba a biyan kuɗin wata. Na ƙara. Niyyata labarai, da tafsiri in azumi ya zo, sannan yarana su daina zuwa gidan kallo na bakin kasuwa, inda ake cusa ɗan shekara bakwai da ƙarti a ɗaki ɗaya, kowa da abin da bakinsa ke faɗa.

Yarana uku. Abba shekararsa takwas, Sadiya shida, sai auta da bai cika uku ba. Ga na ƙanina huɗu, gida ɗaya muke. In aka haɗa da na maƙwabta, wani daren sai ka ƙirga kai goma sha biyar a tsakar gida. Ba a yi sati ba suka gano tashar da ke sa katun dare da rana, ta Larabawa ce, kuma Abba ya fi ni sanin rimot.

Ga inda zancen yake. Mahaifiyata, Inna, tana tare da mu, ta haura saba'in, idonta ya yi rauni amma kanta garau. Tun muna yara, in aka yi sallar isha'i aka ci tuwo, tabarmarta take shimfiɗawa a gindin darbejiyar ƙofar ɗakinta, ta ajiye ƙwaryar gyaɗa a tsakiya. Sharaɗinta ɗaya ne: mai son tatsuniya ya sa hannu a ɓara. Haka ta yi mana, haka ta yi wa jikokinta. Abba "maigida" take ce masa, Sadiya kuwa "kishiya", su yi ta tsokanar juna. Da talabijin ya zo ba ta ce uffan ba. Ta ci gaba da shimfiɗa tabarmar, tana ɓarar gyaɗarta ita kaɗai, hasken akwatin yana haska bayan kan yaran daga can ɗaya gefen. Ni kuwa wallahi ban lura ba sai da aka yi wata da watanni.

Abin da ya buɗe min ido a hunturun bana ne. Hazo ya rufe rana kwana uku, batir ya ƙi cika, aka wayi gari ba kallo. Da daddare yaran suka rasa abin yi, suka dawo wurin Inna. Ina zaune a bakin turaka ina ji. Ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Shiru. Ta sake faɗa. Abba ne kaɗai ya ce "Ta zo mu ji ta," shi ma a hankali kamar mai jin kunya. Ƙananan ba su san ana amsawa ba. Ta ce, "Gizo ne dai da matarsa Ƙoƙi." Sai Sadiya ta yi farat ta ce, "Inna, Gizon nan mai jar riga, mai hawa bene?" Abba ya ce wancan Spider-Man ne. Wani yaron maƙwabta ya ce to wannan Gizon a wace tasha ake ganinsa? Inna ta ce, "Wannan da kunne ake ganinsa." Ta ci gaba, har da tsamin bakin Gizo da take kwaikwaya, wanda da in ta yi muke birgima don dariya. Kafin ta kai tsakiya biyu sun tashi, wasu suna kokawa, ɗaya yana tambaya ko gobe rana za ta fito. Ba ta kai ƙurunƙus ba. Ta naɗe tabarma ta ce sanyi ya yi yawa. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Daga nan na fara lura da sauran. Langa ta mutu a unguwarmu, ko farin wata ya fito dandali fayau. Tuwo a gaban akwatin ake ci, hannu ya bushe ba a sani ba. Makarantar allo ta asuba sai an yi da gaske ake tashinsu. Ran nan Abba ya ɗauki muciya ya maka wa ɗan ƙanina a ka, ya tsaya yana dariya yana jiran ya tashi kamar yadda kyanwar nan ta cikin katun take tashi in ɓera ya buga mata abu. Da ya ga jini shi ya fi kowa kuka. Auta kuwa in aka kashe sai ya kwanta a ƙasa yana shure-shure. Sadiya ta tambaye ni yaushe za a yi mata kek mai kyandir.

Ba zan ɓoye alherin ba. Abba yana ƙirga ɗaya zuwa ashirin da Larabci da Turanci, ya san akwai teku, ya san akwai ƙasar da ƙanƙara ke sauka kamar auduga. Ni a shekarunsa ko Kano ban taɓa gani ba.

Tambayata: in kwance dish ɗin in sayar, ko akwai wata hanya? Uwar Abba ta ce in na cire ban yi mata adalci ba. Masu yara, don Allah ku ba ni shawara.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya ƙara wa Inna lafiya. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyarwa a firamare a yankin Birnin Kudu, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Lokacin da muka fara sanin talabijin, NTA ce da CTV ta Kano wadda yanzu ake kira ARTV. Sai da la'asar ake buɗe tasha, dare ya yi a rufe. Shirin yara ɗan lokaci ne, in ya wuce ya wuce. Wato tashar ce take yi wa iyaye aikin tsawatarwa. Yanzu babu mai rufewa. Ita kanta kyanwa da ɓeran da ka ambata, Tom and Jerry, tun 1940 aka fara yin ta a Amurka, kuma don silima aka yi, kowane guda wajen minti bakwai, a nuna kafin babban fim. Ba wanda ya tsara ta don yaro ya zauna awa huɗu ana jero masa ita. Kusan babu magana a cikinta, shi ya sa ta shiga kowace ƙasa, kuma shi ya sa yaro zai kalli ɗari bai ƙaru da kalma ɗaya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019: yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon kallo, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. To ka duba autanka.

Amma abin da ya fi taɓa ni a zancenka shi ne shirun nan da yaran suka yi. Tatsuniya aiki ce ta mutum biyu. Ana jefo maka ka cafe. In an zo waƙa ka yi amshi. In Inna ta gama, a ce kai ma kawo taka, ka yi ta in-ina har bakinka ya faɗa. A yi kacici-kacici, a ce "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya," ka yi ta juya ƙwaƙwalwa har ka gano tsintsiya, in ka kasa ka ba da gari. Duk wannan koyon magana ne, da haƙurin jiran a kai ƙarshe. A shekaruna na ƙarshe a aji, in na karanta labari na ce wa zai maimaita, hannu biyu ko uku nake gani, alhali a da sai na raba faɗa. Katun ba ya neman komai a wurin yaro sai ido.

Kada ka sayar. Ka raba lokaci. Daga an taso Islamiyya zuwa kiran magariba, na akwati. In aka yi magariba ka zare wayar batir da hannunka. Dare na Inna ne, tun kafin a haife ka nata ne.

Maman Hafsa ta amsa:

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma, na ji bayaninka, amma ku yi min afuwa zan faɗi ta ɓangarenmu, don na ga har yanzu maza ke magana.

Ni a ƙasar Bichi nake, ina suyar awara da yamma, ina ɗinkin hula in na samu sarari. Yara huɗu. Kafin mu sami talabijin, ƙaramar ta taɓa zuwa gab da kaskon mai yana tafasa, da zanina na fizgo ta, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Da damina kuwa kududdufin bayan gari ya cika, in ban ga yaro minti goma ba sai hankalina ya tashi. Yanzu in na kunna musu, na san inda suke. Shi ya sa da Maman Abba ta ce ba a yi mata adalci ba na gane me take nufi. Wanda bai taɓa tuƙa tuwo da goyo a baya, wani yana jan zani, wani yana kuka ba, ba zai gane ba.

Baban Abba, ka ce ba ka lura Inna tana zaune ita kaɗai ba sai bayan watanni. To kai ina kake a waɗannan dararen? Ban san ka ba, amma na san na garinmu. Ana idar da isha'i sai majalisa, kowa da waya a hannu ana kallon TikTok har sha ɗaya. A dawo a ce yara sun lalace da kallo. Yaro abin da ya ga ana yi shi yake yi.

Sannan ba duk katun ne ɗaya ba. Akwai Akili and Me, na wasu mutanen Tanzaniya da ake kira Ubongo, an juya shi da Hausa. Da shi Hafsa ta fara gane haruffa da ƙirga tun ba ta shiga aji ɗaya ba, kuma a ciki ana tambayar yaro a dakata ya amsa. In na ji tana amsa wa akwatin daga madafa sai in ji sanyi a raina.

Abu na ƙarshe. Duk kuna ta yanke hukunci a kan Inna. An tambaye ta kuwa?

Abu Sumayya ya amsa:

Malam ka kwance shi kawai. Abin da ya raba jika da kakarsa ba alheri ba ne. Iyayenmu ba su yi kallo ba kuma sun fi mu tarbiyya.

Ɗan Gumel mai tura fim ya amsa:

Malam Abu Sumayya, in ya kwance gobe za ka gan su a gidan maƙwabta ko a gidan kallon da ya gudar musu. A garinmu an gwada.

Kawu Baban Abba, ni sana'ata ke nan, ina da shago ina tura fina-finai da waƙoƙi a memori, don haka bari in gaya maka abin da ya fi talabijin ɗinka haɗari. Shi akwatin yana tsakar gida, kowa na ganin abin da ake nunawa. Waya fa? Uba zai zo ya ce "cika min da katun na yara," a kwafe masa jaka guda, guda ɗari ko fiye, ba shi ba ni ba wanda ya zauna ya kalla. To akwai zanen da kamanninsa na yara ne amma na manya ne zalla, akwai na kisa da jini, akwai wanda ba zan iya faɗa a nan ba. Na taɓa buɗe wata jaka da na karɓo a wurin abokin sana'a na ga abin da ya sa tun ranar ba na tura wa kowa katun sai na bi shi da gudu na duba. Hukumar tace fina-finai ta Kano tun 2001 take, tana duba na 'yan fim ɗinmu, amma abin da ke yawo daga waya zuwa waya ta Xender ba ya bi ta teburin kowa. A YouTube kuma da wannan ya ƙare wani zai hau da kansa, don da talla ake samun kuɗi, iya zaman yaro iya ribarsu. Ka riƙe wayarka, kada ka miƙa wa auta don ya yi shiru.

Za ka ce me ya hana a yi mana katun ɗin Gizo da Ƙoƙi? Na ɗan koyi aikin a kwamfuta, wahala ce da shi. Daƙiƙa ɗaya tana cin zane goma sha biyu zuwa ashirin da huɗu. Minti ɗaya ke nan zane 720 a ƙalla, ga masu murya, ga kiɗa, ga wuta. Su na waje sun riga sun mayar da kuɗinsu a ƙasashensu, mu ragowa ce ke iso mana kusan kyauta. Duk da haka an yi ƙoƙari a ƙasar nan. Akwai Bino and Fino na Adamu Waziri, yara biyu 'yan Najeriya da iyayensu. Akwai Sesame Square da aka fara sawa a NTA a 2011, shi na 'yan tsana ne masu magana. Sai dai ba su kai cikin cokali ba in aka gwada da abin da ke zubowa ta dish.

Shawarata, ka ɗauki muryar Inna a waya, tatsuniya ɗaya kowane dare. Ko ba komai kun ajiye.

Baban Abba ya sake rubutawa:

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na yi shiru kwana goma sha biyu don ina so in gwada kafin in dawo.

Maman Hafsa, maganarki ta yi min zafi ranar da na karanta, kuma gaskiya ce. A majalisa nake. Rumfar cajin tawa ma ita ce majalisar. Kuma ban tambayi Inna ba, sai da kika faɗa.

Na same ta da hantsi tana tsince wake. Na ce Inna, ina so in sayar da akwatin nan. Ta ce saboda me? Na ce saboda ya raba ki da jikokinki. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce ita dariyar yaran in suna kallo daɗi take yi mata, ko ba ta ganin abin da suke gani. Ta ce, "Ba yaran ne suka fara tashi daga tabarmar nan ba. Da, matanku a nan suke zama, uwar Abba ita ke ja musu amshi. Kai ma kana leƙowa ka ce a ina aka tsaya. Da manya suka tashi, yaro zai zauna wa?" Ban sami abin cewa ba.

Ɗan Gumel, na kawo mata zancen ɗaukar murya. Ta yarda a ɗauka don ajiya, amma ta ce kada a kunna wa yara tana raye. Ta ce ita in ta ji numfashin yaro ya canja ta san barci ya zo, sai ta gajarce, in ta ji sun tsorata da Dodo sai ta sassauta, waya ba ta san wannan ba. Mun ɗauki guda biyar zuwa yanzu. Akwai ɗaya da ni kaina na manta da ita tun ina yaro, sai da ta fara waƙar na ji bakina yana bi.

Baba Hedimasta, na bi tsarinka. Ana kiran magariba nake zare waya. Uwar Abba ta yarda da sharaɗin a bar mata lokacin girkin yamma, da shirinta na Hausa dare biyu a mako, na ce na ji. Daren farko da na biyu auta ya yi kuka har maƙwabta suka leƙo. Yaran unguwa sun koma wani gidan, daga goma sha biyar mun dawo bakwai, namu na gida kaɗai. Na rufe rumfa da wuri, ina zama a gefen tabarmar ina ɓara tare da su. Shekaranjiya Inna ta ce kishiya ta kawo tata. Sadiya ta ce ga ta nan ga ta nanku, muka amsa, ta kawo labarin Gizo da wani ɓera da ya ɗaure wa kyanwa wutsiya a turmi. Rabi na Inna, rabi na akwati. Na buɗe baki zan gyara, Inna ta dafa min gwiwa, na yi shiru har ta kai ƙurunƙus.

Abba ne ya rage min. Sau biyu yana sulalewa bayan isha'i, na biyun a gidan kallo na samo shi, a tsaye a bakin ƙofa yana leƙe don ba shi da kuɗin shiga. Ban doke shi ba. A hanya ya ce min abokansa duk sun ga ci gaban wani katun, in ana hira a makaranta shi ba ya da ta cewa, har sun fara ce masa ɗan tsohuwa. Ga Alhamis da Juma'a babu makarantar allo, yini guda yana zagaya akwatin. Wanda ya taɓa fama da ɗan shekara takwas a kan irin wannan, ya gaya min yadda ya yi.